Shin Surutun Intanet Zai Iya Faɗa Maka Farashin Gobe?

Ranar Talata, 23 ga watan Afrilu na shekarar 2013, da ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci na rana agogon birnin New York, wani gajeren saƙo ya ɓulla a shafin Twitter na kamfanin dillancin labarai na Associated Press. Saƙon ya ce wasu abubuwa biyu sun fashe a Fadar White House, kuma Shugaba Barack Obama ya jikkata. Babu ƙamshin gaskiya a cikin maganar. 'Yan kutse ne suka shiga shafin suka rubuta, daga bisani wata ƙungiya mai mara wa gwamnatin Siriya ta wancan lokaci baya ta fito ta ce aikinta ne. To amma kafin a ƙaryata, ma'aunin Dow Jones ya rikito da maki sama da 140, manyan kamfanoni 500 na Amurka kuwa darajarsu ta zube da kimanin Dala biliyan 136 cikin abin da bai wuce minti uku ba. Da gaskiya ta bayyana farashi ya koma inda yake kamar ba a yi ba, sai dai wanda ya sayar a tsakani, ya sayar ke nan.

Mai karatu, auna da kanka, wane ɗan Adam ne zai karanta labari, ya tantance shi, ya kira dillalinsa, har a sayar da dukiya mai yawan haka cikin minti uku? Masana harkar da dama sun ɗora alhakin abin a kan kwamfutocin da manyan 'yan kasuwa suka girke, masu karanta kanun labarai da saƙonnin intanet dare da rana. Su ne suka fara sakin kaya, saura suka bi.

Abin da ya sa na tono wannan tsohon labari shi ne irin tallace-tallacen da ke yawo a wayoyinmu a 'yan shekarun nan. Kusan duk mai albashi da na sani, likita ne ko lauya ko malamin jami'a, an taɓa jefa shi cikin wani zaure na WhatsApp ko Telegram inda ake masa albishir da wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, wai tana sauraron abin da miliyoyin mutane ke faɗa a kafafen sada zumunta, ta gane inda zukatansu suka karkata, ta faɗa maka hannun jarin da zai tashi gobe. Kai dai ka biya kuɗin rajista. Kuma da yake yanzu akwai manhajojin da ke ba ɗan Nijeriya damar sayen hannun jarin Amurka daga ɗakinsa a Kano ko Gusau, maganar ta tashi daga ta Turawa zalla, ta zama ta kuɗin makarantar yara da ɗan abin da aka tara don ranar ritaya. Saboda haka ya kamata a san asalin wannan da'awa, da kuma abin da ya faru da waɗanda suka gwada ta da kuɗinsu.

Tunanin kansa ba sabo ba ne, kuma ba shirme ba ne. Tun a shekarar 1936 masanin tattalin arzikin nan na Ingila, John Maynard Keynes, ya kwatanta kasuwar hannun jari da wata gasa da jaridu ke shiryawa, inda ake buga hotunan fuskoki a ce masu karatu su zaɓi mafi kyau, kyauta kuma ta wanda zaɓinsa ya dace da na mafi rinjaye ce. Mai wayo a irin wannan gasa ba fuskar da ta burge shi zai zaɓa ba, wadda yake zaton ta burge jama'a zai zaɓa. Idan haka kasuwa take, ashe wanda ya iya leƙa zukatan jama'a ya riga kowa. Matsalar ita ce a zamanin Keynes babu tagar leƙawa. Da intanet ta zo, mutane suka shiga rubuta abin da ke ransu a fili, kyauta, ba tare da an tambaye su ba, sai aka ga kamar tagar ta buɗe.

Yadda ake aikin ba shi da wuyar fahimta. Ana kwaso saƙonni masu ɗimbin yawa, a tace waɗanda suka ambaci wani kamfani ko kasuwa baki ɗaya, a ba kowane saƙo maki gwargwadon yabo ko suka, fata ko fargaba da ke cikinsa. A da jerin kalmomi ake ba kwamfuta ta riƙa ƙirgawa, yanzu kuwa manhajojin da aka horar da karatun harshe ne ke yanke hukunci. Sai a tara makin kowace rana ko kowace sa'a, a jera shi kusa da farashi, a duba ko ɗaya na gaba ɗaya na biye.

Masu bincike na farko sun yi magana da taka-tsantsan. A 2004 wasu malaman jami'a biyu a Kanada, Werner Antweiler da Murray Frank, sun nazarci saƙonni sama da miliyan ɗaya da rabi da aka rubuta a zaurukan hirar masu zuba jari game da kamfanoni 45. Sakamakonsu shi ne, yawan surutu a kan kamfani na nuna cewa farashinsa zai yi tangal-tangal, amma abin da yake faɗa game da riba ƙanƙane ne ƙwarai. A 2007 Paul Tetlock ya bi wani shafi na jaridar Wall Street Journal na tsawon shekaru 16, ya gano cewa idan kalmomin yanke ƙauna suka yawaita farashi kan ɗan sauka, sa'an nan ya koma cikin 'yan kwanaki. A riƙe waɗannan biyu, domin a nawa ganin duk abin da ya biyo baya bai rushe su ba.

Wanda ya tayar da ƙura shi ne binciken da Johan Bollen da Huina Mao na Jami'ar Indiana, tare da Xiaojun Zeng na Jami'ar Manchester, suka fitar a ƙarshen 2010. Sun ɗauki saƙonnin Twitter kusan miliyan 10 na shekarar 2008, kuma ba ma na masu maganar kasuwa ba, na mutanen da ke faɗin yadda suke ji a ransu ne kawai. Suka auna su ta fuskar yabo da suka, da kuma yanayin zuciya iri shida, wato natsuwa, faɗaka, tabbaci, kuzari, kirki da farin ciki. Suka ce ma'aunin natsuwa na riga Dow Jones motsawa da 'yan kwanaki, har sun iya cankar hawa ko saukar kasuwa da daidaiton kusan kashi 87 cikin 100. Jaridun duniya suka ɗauka, kuma har yau wannan adadi ne masu talla ke kafa hujja da shi, ko sun san asalinsa ko ba su sani ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kashi 87 ɗin nan daga kwanakin kasuwa 15 kacal aka samo shi, tsakanin 1 zuwa 19 ga Disambar 2008. Sun canka daidai sau 13, sun kuskure sau biyu. Kwana 15, a shekarar da bankin Lehman Brothers ya durƙushe duniya ta rikice, shekarar da ba ta yi kama da kowace ba. Bugu da ƙari, ma'aunai bakwai suka gwada, kowanne da tazarar kwana ɗaya zuwa bakwai. Duk wanda ya taɓa zama ajin ƙididdiga ya san cewa idan ka jefa ƙugiya sau 49, da wuya ka rasa abin da zai maƙale, ko da kuwa tsumma ne. A 2017 wasu masana biyu, Michael Lachanski da Steven Pav, sun yi ƙoƙarin maimaita aikin, suka bayar da rahoton cewa ba su ga alamar wannan iko na hasashe ba.

Amma gani ya kori ji, kuma an gwada abin da kuɗi na gaske. A 2011 wani kamfani a Landan mai suna Derwent Capital Markets ya buɗe asusun zuba jari na Fam miliyan 25 a kan wannan dabara. Wata guda ya yi yana ciniki, ya samu ribar da ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba, wadda ba laifi a watan da kasuwa ta faɗi, daga nan aka rufe shi shiru. Mai kamfanin ya koma sayar wa ɗaiɗaikun mutane manhajar, a 2013 kuma ya sa ta a gwanjo yana fatan Fam miliyan 5, tayin da ya fi kowanne tsoka bai wuce Fam 120,000 ba. Ni wannan juyi daga ciniki da dabarar zuwa sayar da ita ya fi komai ɗaukar hankalina. Mutumin da ya san ramin da zinariya take, haƙa zai yi, ba zai zauna bakin hanya yana tallar taswira ba.

Me ya sa abin ke ƙin ci? Da farko akwai matsalar harshe, wadda ta fi yadda ake zato zurfi. A 2011 Tim Loughran da Bill McDonald sun nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na kalmomin da wani sanannen ƙamusu na Jami'ar Harvard ya lissafa a matsayin munana, a rahoton kuɗi na kamfani ba munana ba ne, kalmomi ne na yau da kullum irin su haraji da jari da tsadar aiki. Wannan fa Ingilishi ke nan, kuma rubutun ofis. Ina ga namu harshen, mai gatse da habaici da zambo? Ka yi wa Bahaushe ɓarna ya dube ka ya ce ka kyauta, sannu da ƙoƙari. Kwamfuta za ta rubuta maka maki biyu na yabo. Ka tambayi ɗan Kantin Kwari ya kasuwa, ko ranar ya yi cinikin miliyoyi ko ko sisi bai gani ba, amsarsa guda ce, da godiya. A ce kaya sun yi wuta, ga mai sayarwa daɗi ne, ga mai saye kuka. Ba wai ba a aiki a kan wannan ba. A 2022 wata tawagar masu bincike ƙarƙashin jagorancin Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano ta fitar da wani rumbu mai suna NaijaSenti, inda mutane suka zauna suka tantance saƙonnin Twitter wajen 30,000 a kowane ɗaya daga harsunan Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin buroka. Aiki ne abin yabo, kuma harsashi ne. Sai dai tsakanin gane cewa saƙo na fushi ne da sanin farashin siminti na jibi akwai tafiya mai nisa.

Manhajojin yau sun fi na 2010 gane gatse nesa ba kusa ba, wannan gaskiya ne. Amma ko da sun gane shi tsaf, akwai tambayar wa ke gaba wa ke biye. Galibi mutum ba ya murna sa'an nan farashi ya tashi. Farashi ne ke tashi, ya ga riba a wayarsa, ya hau intanet yana kirari. Mai auna kirarin nan jiya yake aunawa yana zaton gobe ce. Ɗan abin da ya rage na labarin gobe a cikin surutun kuwa, kamfanonin da suka ajiye kwamfutocinsu a gini ɗaya da na kasuwar, masu ciniki cikin ƙasa da ƙiftawar ido, sun riga sun lashe shi kafin saƙon ya gama buɗewa a wayarka. Su ma ɗin sayen bayanan suke yi da tsada, musamman tun 2023 da Twitter, wanda aka sauya wa suna zuwa X, ya rufe ƙofar kwasar saƙonni kyauta.

Sai babbar matsalar, wadda ita ce ta fi damuna. Ranar da masu magana suka gane cewa ana sauraronsu da kuɗi a hannu, daga ranar maganarsu ta zama haja. A watan Janairun 2013 wani mutumin Scotland ya buɗe shafukan bogi a Twitter masu kama da na wasu sanannun kamfanonin binciken kasuwa guda biyu, ya watsa ƙaryar cewa hukuma na tuhumar wasu kamfanoni. Hannun jarin ɗaya, Audience, ya faɗi da kashi 28 cikin 100 har aka dakatar da cinikinsa, na ɗayan, Sarepta, da kashi 16. Abin dariya, shi maƙaryacin ya yi nawa wajen saye, ribarsa duka Dala 97 ce. Mu nan mun san 'yan kore, waɗanda ke kewaye mai gwanjo suna taya kayan da ba su da niyyar saye don baƙo ya ruɗu, abin da malaman fiƙihu ke kira najshu kuma shari'a ta hana. Bambancin kawai, ɗan koren intanet mutum ɗaya ne mai baki dubu, kuma a yau manhajar da ke karanta saƙonni 'yar uwarta ce ke rubuta su. A watan Mayun 2023 hoton bogi na hayaƙi kusa da ma'aikatar tsaron Amurka ta Pentagon, wanda alamu suka nuna kwamfuta ce ta ƙirƙira, ya ɗan girgiza kasuwa na wasu mintoci.

Za a ce da ni, to GameStop fa? Lallai a Janairun 2021 taron ƙananan masu zuba jari a dandalin Reddit sun ɗaga hannun jarin wannan kamfani mai sayar da wasannin bidiyo daga ƙasa da Dala 20 zuwa Dala 483 a ranar 28 ga wata. Babban asusun nan na Melvin Capital, wanda ya yi caca a kan faɗuwar kamfanin, ya yi asarar kashi 53 cikin 100 a watan, a 2022 kuma ya rufe. Amma wannan ba hasashe ba ne, gangami ne. Mutanen ba faɗin abin da zai faru suka yi ba, su suka haddasa shi da kuɗinsu. Kuma kafin tsakiyar Fabrairu farashin ya dawo wajen Dala 50. Lokacin da surutu ya kai ƙololuwa, lokacin da kowace manhajar auna ra'ayi ke nuna kore shar, shi ne daidai lokacin da mai saye ya sayi wahala. A watan ne kuma Elon Musk ya rubuta kalmomi biyu yana shawartar mutane su koma manhajar aika saƙo ta Signal, jama'a suka afka wa hannun jarin wani ƙaramin kamfani mai suna Signal Advance da ba shi da wata alaƙa da ita, suka kai shi daga kimanin santi 60 zuwa sama da Dala 38 cikin 'yan kwanaki. Cinikin biri a sama ke nan.

Akwai ma gwajin da kowa ke iya dubawa a fili. A Maris na 2021 kamfanin VanEck ya buɗe wani asusu mai laƙabin BUZZ, wanda ke zaɓar manyan kamfanonin Amurka 75 da aka fi yabo a intanet. A 2022, shekarar da ma'aunin S&P 500 ya sauka da kusan kashi 19 cikin 100, shi kusan rabin darajarsa ya rasa. Da kamfanonin fasaha suka farfaɗo a shekarun da suka biyo baya, shi ma ya yi tsalle. Wato dai amsa-kuwwa yake yi wa kasuwa, idan ta yi dariya ya ƙyalƙyale, idan ta yi kuka ya yi kururuwa.

Ya kamata kuma a raba abu biyu da masu talla ke cakuɗawa da gangan, ra'ayin taro daban, maganar mai iko daban. Ranar 7 ga Afrilun 2025 wani labarin ƙarya ya bazu a X cewa Shugaba Donald Trump na tunanin dakatar da sabon harajin shigo da kaya na kwana 90. Cikin kimanin minti goma darajar kasuwar Amurka ta ƙaru da sama da Dala tiriliyan 2, fadar shugaban ta ƙaryata, farashi ya koma. Kwana biyu bayan haka Trump da kansa ya rubuta da safe a dandalinsa na Truth Social cewa lokacin saye ne, da rana kuma ya sanar da dakatarwar da gaske, S&P 500 ya tashi da kashi 9.5 cikin 100 a yini guda. Babu wata manhajar auna zukatan jama'a da za ta faɗa maka wannan tun ranar Lahadi, domin abin ba a zukatan jama'a yake ba, a zuciyar mutum ɗaya yake.

Ba ina cewa aikin ba shi da amfani ba ne. Yana da shi, a daidai inda Antweiler da Frank suka nuna tun 2004, wato wajen gane inda wuta ke shirin tashi. Ranar 9 ga Maris na 2023 masu ajiya sun nemi cire Dala biliyan 42 daga bankin Silicon Valley a yini ɗaya, washegari hukuma ta rufe shi, kuma wani nazari da masana biyar suka yi ya nuna cewa bankunan da aka fi tattauna su a Twitter su ne hannun jarinsu ya fi faɗuwa a kwanakin. Ga shugaban banki ko mai kula da kuɗin fansho, ma'aunin da zai ce masa jama'a sun fara firgita abu ne mai daraja. Ma'aunin zafin jiki ne, yana faɗa maka akwai zazzaɓi, ba ya faɗa maka ranar sallama daga asibiti.

Idan muka dawo gida, lamarin ya ƙara rauni. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Legas ba su wuce 150 da 'yan kai ba, kuma ƙalilan daga ciki, irin su Dangote Cement da MTN da Airtel da kamfanonin BUA, su ke riƙe da kaso mai tsoka na darajarta. Da yawa daga ƙananan kan yi kwanaki ba a yi wani cinikin kirki a kansu ba, ga kuma ƙa'idar da ta hana farashi motsawa fiye da kashi 10 cikin 100 a rana. Hirar kuɗi ta gaske a ƙasar nan a rufaffun zaurukan WhatsApp ake yin ta, da saƙon murya, inda babu manhajar da ke shiga. Twitter ɗin ma gwamnati ta taɓa rufe shi wata bakwai, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kasuwa kuma ba ta fasa ci ba. A kasuwa mara zurfi irin wannan, mutum goma masu shafuka ɗari sun isa su ƙirƙiri abin da kwamfuta za ta kira ra'ayin jama'a.

Mu da muka ga 2008 ba ma buƙatar kwamfuta ta koya mana darajar ra'ayin jama'a. Bayan haɗewar bankuna ta 2005, wadda ta mayar da su 25 daga 89, babu majalisar da ba a maganar hannun jari, daga ɗakin malamai zuwa sakatariya. Bankuna na ba da bashi a sayi hannun jarinsu, ma'aikata na sayar da filaye suna shiga layi. Ranar 5 ga Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya kai maki 66,371, darajarta ta haura Naira tiriliyan 12. Da a ce akwai mai auna zukata a makon nan, da ya ba da rahoton cewa ba a taɓa samun kyakkyawan fata irin wannan ba, kuma da ya faɗi gaskiya. Shekara guda bayan haka ma'aunin na wajen maki 20,000.

Masu zamba kuwa sun riga sun gane daɗin da kalmar ƙirƙirarriyar basira ke yi a kunne. Dandalin CBEX da ya rufta da kuɗin ɗimbin 'yan Nijeriya a Afrilun 2025 da ita ya yi talla, yana alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30. Sabuwar dokar zuba jari da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Maris na 2025 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10, ko tarar da ba ta gaza Naira miliyan 20 ba, ga masu irin wannan harka. Doka ta yi kyau, amma bayan ɓarna take isowa. A nan ne nake ganin wannan fasaha za ta yi aikin da ta fi iyawa. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari da Babban Bankin Nijeriya su ne suka fi kowa buƙatar manhajar da za ta lura cewa shafuka 300 da aka buɗe a mako ɗaya sun fara yabon kamfani ɗaya da kalmomi iri ɗaya, ko kuma sunan wani banki ya fara yawo tare da kalmar rufewa. Kuma tilas manhajar ta ji Hausa da Turancin buroka, ta iya sauraron bidiyon TikTok da na Facebook, domin a can ake farautar mutanenmu. Masu binciken da za su iya gina ta suna nan a Kano da Zariya, sun ma riga sun tara saƙonni 30,000 na farko.